Kwaɓin Burodi a Kan Layin Dogo

A wani ƙauye kusa da Kom Ombo, wani ƙaramin jirgin ƙasa mai ɗaukar rake ya tsaya cik, domin wata tsohuwa ta jera kwaɓin burodinta a kan layin dogo yana shan rana. Shahat, sabon direba, bai san ta ba. 'Yar firit ce cikin baƙar riga, haƙorinta ɗaya, tana zaune a kan ƙarfen kamar bakin gadonta, tana korar ƙudaje da mafici.

Ya danna oda sau uku, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Iya, tarago ashirin nake ja! In raken nan ya bushe, korata za a yi!"

Ta dangwala yatsa a kwaɓin, ta girgiza kai. "Bai tashi ba."

Wataƙila tsakar gidan ubanta layin ya ratsa tun tana goye, shi ya sa take kallon jirgin kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

Ta ce, "Direbobi bakwai aka yi kafin kai, ɗan nan, duk nan suke tsayawa. Sai dai su, da sallama suke farawa."

Shahat ya kashe inji, ya sauko, ya yi sallama. Ta amsa, ta miƙa masa maficin.