Rago da Hannayensa

Duk wanda ya san cibiyar binciken nan zai gaya maka ba mutumin da ya yi wa ilimin ƙwaƙwalwa hidima kamar Rago. Ƙwaƙwalwar ɓeraye ake nufi. Ta mutane kuwa, girgiza ta yake yi.

Da can maƙeri ne, mai yi wa 'yan kunnen tagulla wankan zinariya. Sai cibiyar ta ɗauke shi ya riƙa yi wa wasu wayoyi shafe, sirara kamar gashi, waɗanda ake sokawa a kan ɓera don a ji abin da ƙwaƙwalwarsa ke ciki. In shafen ya yi kyau, a daɗe ana ji tar. In ya tsage, sai shuuu, kamar rediyon da ya ɓatar da tasha.

Aikin na hannu ne, shi ya sa Rago bai taɓa dukan kowa da hannu ba. In ransa ya ɓaci, kuma ba ya wuyar ɓaci, sai ya cusa hannayen a hammata, ya sunkuyo da kai, ya kai karo. Haka ya zubar wa wani direba haƙoran gaba. Matarsa kan ce ita dai ba ta san mari ba, amma ƙyauren ɗakinsu ya sha canji.

Dokarsa ɗaya ce: in wayoyi na bushewa ba a buɗe ƙofa, don a cewarsa iska na tsaga shafe.

Shugabar ɗakin gwajin ta riga ta faɗa masa, in sabon shafen nan bai yi ba za ta koma sayen wayoyin kamfani, shi kuma ya koma wa 'yan kunnensa. Ya jera wayoyin a faranti a bakin tebur ke nan, sai mai kula da ɓeraye, ƙanin matarsa, ya turo ƙofa da keji a hannu.

"Yaya, ina zan ajiye?"

"A kan kabarinka! Rufe ƙofar nan!"

"To ai na riga na shigo. Ko in fita in sake buɗewa?"

Hannaye suka shige hammata. Karon farko ya sami ƙanin matar a hanci, jini ya wanke farar riga. Keji ya faɗi, ɓeraye suka watse. Ƙanin matar ya rarumo kujera ya maka masa a gadon baya.

"Wallahi sai na gaya wa yayata!"

"Ka gaya mata da hancin, in ya rage!"

Rago ya ja da baya, ya taho da gudu. Wancan ya goce. Kai ya haɗu da bakin teburin ƙarfe, goshi ya dare, faranti ya biyo shi ƙasa. Har ya kai ƙasa bai fito da hannayen ya tare ba.

Da ya farfaɗo a asibiti, abin da ya fara cewa shi ne, "Hannuna fa?" Aka duba, ko ƙwarzane babu.

Shugabar ta sa madubin ƙara girma ta ga iskar ƙofa ba ta yi wa shafen komai ba. Da waya ɗayar da likita ya zaro daga goshinsa ta gane haka. Sauran duk sun karye a ƙarƙashinsa.