Yadda Kawu Tanimu Ya Hutar da Suwaiba

Wata rana wani dattijo, Kawu Tanimu, ya fita ƙasar waje a duba masa ido, sai ya biya wajen 'yar ƙanwarsa Suwaiba, mai karatun halittun ruwa a wani gari da ke bakin Bahar Rum.

Digirin Suwaiba kaf a kan abu ɗaya ya rataya.

Wata halitta ce mai ɓawo biyu, shigen mafici, tsawonta ya kusa kamu biyu. A tsaye take cikin ciyawar ƙasan teku, tsininta a binne cikin yashi, ta riƙe ƙasa da wasu zaruruwa kamar saiwa. Ba ta zuwa ko'ina, ruwa take tacewa ta ci abin da ta samu. In ba a wannan teku ba, duk duniya babu irinta.

To, wata cuta ta bi irin halittun nan ta kusa ƙarar da su. A lungun tekun da ke kusa da garin, guda ɗaya tal ta rage da rai, inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Dalilin tsirarta shi Suwaiba take nema.

Kullum da safe sai ta shiga ruwan nan mai sanyi, ta auna, ta duba, ta fito tana rawar ɗari. Kawu yana gaɓa yana girgiza kai, wai yarinya tana shan wahala a kan abin da ko gudu ba ya yi.

Ya tambaye ta? Ina! Ai shi babba ne.

Ranar da ta tafi ganin malaminta, Kawu ya tuɓe babbar riga ya faɗa ruwa. Ya yi ta jijjiga halittar nan har ya tumɓuke ta. Da ya tuna za ta yi wari a ɗaki, sai ya sa wuƙa ya buɗe, ya ƙwaƙule naman ya watsa wa kifaye, ya wanke ɓawon tas da sabulu, ya jingine a taga.

Suwaiba na shigowa ta gani, sai ta nemi wuri ta zauna.

"Kawu, me ka yi?"

"Hutar da ke na yi, 'yar nan. Ga shi a ɗaki, ki auna son ranki. Shiga ruwa ya ƙare."

Abin takaicin, murmushi yake yi, yana jiran godiya.

Ta yaya za ki ɗaga wa yayan mahaifiyarki murya? Ta haɗiye maganar, hawaye na zuba, ta ce masa sannu da aiki.

Shi kuwa ya ɗauka kukan murna ne. Nan take ya kira uwarta a waya yana ba ta labarin ƙoƙarinsa.

Wahalar shekaru ta tafi a banza, kuma lungun nan bai da sauran mai rai ko ɗaya.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta gyara ɓarna. Kafin ka "taimaki" mutum, don Allah buɗe baki ka tambaye shi. Girmanka ba zai ragu ba.

Kowane gida akwai Kawu Tanimu. Tura wannan a zauren danginku, wataƙila naku ya karanta.