Harsashin da Na Kankare

Ƙwas! Ƙarar da harsashin darma ke yi ke nan in ya ratsa zoben ƙarfe ya faɗa cikin ƙwarya. Shekara bakwai ina jin ta daga rumfar uwar mijina ban taɓa ɗaga kai ba, sai wata hantsi da na ji harsashin ya faɗi a ƙasa maimakon ƙwarya. Harsashin ya gangaro har gindin turmina. Hannun tsohuwa ya fara rawa, idonta kuma ya yi yana.

Ta ce, "Ke 'yar malam, miƙo min. Kai, zauna ma. Hannun nan naki da bai san komai ba sai alƙalami da carbi, yau za mu ga ko yana da wani amfani."

Ƙauyenmu yana bakin fadama, gabas da Haɗejiya, a hanyar Kirikasamma, gidanmu kuma shi ne na ƙarshe kafin ruwa. Maigidana maharbi ne. Bindiga ba ta yi yawa ba a zamanin, tasa ma gadonta ya yi, mahaifinsa ya samo ta a hannun fataken Barno. Shi ke narka darma ya yi zubi, amma gyara da shafi aikin matan gidan ne tun asali.

Ranar tsohuwa ta fara koya mini. In harsashi ya huce daga zubi, yakan fito da 'yar cibiya, sai a yanke ta da wuƙa. A sa shi tsakanin duwatsu biyu masu faɗi a yi ta murzawa har ya yi sumul. Sannan a kawo zoben da maƙeri ya ƙera daidai bakin bindigar. Wanda ya faɗa da kansa ya yi ƙanƙanta, a mayar da shi wuta. Wanda ya ƙi shiga a koma murza. Na kirki shi ne wanda zai tsaya a bakin zoben, sai an danna shi da babban yatsa sannan ya wuce, ƙwas.

Shafi kuwa kitsen rago ne da kakin zuma, a narka su tare a kasko. Na tambaye ta me ya hana man shanu, ga shi muna da shi a gida.

Ta ce, "Tuwo za ki yi masa? Man shanu in rana ta buɗe narkewa yake ya jiƙa albarushi, mijinki ya tsaya gaban dorina da sanda a hannu. Ko takaba kike marmari?"

Sai a yanko tsohon saƙi ƙanana, a tsoma a kaskon, a naɗe kowane harsashi tun da ɗumi. Ta sha gaya mini, babba yana fasa bindiga ya tafi da yatsun mai ita, ƙarami yana rasa ƙarfi. Amma wanda ta fi tsana shi ne mai gefe ɗaya, wanda wani ɓarinsa ya fi wani nauyi. Ta ce wannan ba ya bin idon maharbi, inda ya ga dama yake zuwa. Na riƙe maganar, ban san ranar da zan yi aiki da ita ba.

Ina da 'ya ɗaya a lokacin, 'yar fari, shekararta shida. Saboda kunyar ɗan fari ba na kiran sunanta, ba na ɗora ta a cinya a gaban mutane, in ta faɗi kakarta ce ke ɗaga ta. Abin da ban iya ba ta a fili ba, ita ta samu inda ta zuba nata. Da bazarar da ta wuce mahaifinta ya harbi wata barewa, ya tarar da 'yarta kwance a ciyawa, ya saɓo ta gida. Yarinyar nan ta raine ta da nonon akuya, tana tsoma tsumma tana matsa mata a baki. Da barewar ta girma sai ta ƙi igiya, ta koma bakin fadama, ba ta yarda kowa ya kusance ta. Amma in yarinyar ta tsaya bayan darni ta ƙwanƙwasa ɗan ƙoƙonta da tsinke, ta ce, "Zo, zo, ga dusa," sai ka ga kunnuwa sun ɓullo daga ciyawa.

Da ruwa ya janye aka kafa jigo na ban-ruwa, aka shuka alkama da albasa. Barewa ta gano alkama. Ɓarnar ba ta kai ta kawo ba, akuyoyin gari sun fi ta ci. Maganar mutane ce ta yi yawa. A ƙofar masallaci wani ya ce wa maigida, "Sannu maharbi, ashe yanzu kiwon nama kake, mu ke ciyar maka?" Aka yi dariya. Ya shigo gida fuskarsa kamar an shafa mata toka.

Ya ce, "Gobe da hantsi zan gama da ita. Yarinya za ta kira ta."

Tsohuwa ta ce, "To abu ya zo daidai. Ga sabon hannu." A gidan, harsashin farko da sabon hannu ya gyara ba ya shiga jaka tare da saura sai ya sha jini. Nawa na farko yana nan a ajiye cikin ƙoƙo, ana jiran ranarsa.

Na durƙusa na ce, "Malam, a yi haƙuri a kama ta, a ba wani can Kafin Hausa ko Birniwa."

"In bi barewa da gudu a taɓo? Dariyar jiya ba ta ishe ki ba, sai an ƙara?"

"To a bar yarinyar a gida."

Ya dube ni ya ce, "Wa barewar take amsa wa? Ke?"

Yarinyar tana tsaye a nan. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi kakarta, kakar ta ce, "Kallon me kike min, mai kan ƙoƙo? Nama nama ne. Ke za a ba hanta."

Bayan azahar tsohuwa ta kishingiɗa, barci ya ɗauke ta. Na ɗauko harsashin na warware tsumman. Na kankare gefe ɗaya da wuƙa, na ƙara, na sake ƙarawa, na cike gurbin da kaki na shafe har ya koma kamar yadda yake, na dumama saƙin na mayar. A raina harsashin zai wuce can cikin ciyawa, ƙarar ta firgita barewa ta shiga daji, ba za ta sake amsa kiran kowa ba. Yarinyar za ta yi kewa, amma ba za ta ga jini ba. Har bisimilla na yi kafin in sa wuƙa, ina ganin Allah zai rubuta mini shi a tausayi. Yarinyar tana gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa, kanta a sunkuye. Na ɗauka ba ta gani.

Da hantsi na tsaya a ɓular darni ina leƙe. Maigida ya ɗura bindiga, ya danna harsashin da sandar ɗuri, bai ji komai ba. Ya durƙusa bayan wata bishiyar giyayya. Ya ce, "Kira ta."

Ta ƙwanƙwasa ƙoƙon. Muryarta ba ta fita ba, ya ce, "Ɗaga murya, ba ki karya ba ne?"

"Zo, zo, ga dusa."

Barewar ta zo. Tana tafe tana kaɗa wutsiya, ta tsaya kamar taku ashirin, ta ba shi gefe. Mutumin nan ba ya kuskuren irin wannan, bayan kafaɗa yake sa wa dabba, ta faɗi kafin hayaƙi ya washe. Bindiga ta tashi. Harsashina bai bi idonsa ba, amma bai tafi ciyawa ba. Taƙi ɗaya kawai ya kauce, ya shige ta a ciki kusa da cinya. Ta yi wani kuka irin na jariri, ta faɗi, ta tashi, ta ja ƙafafun baya ta shige cikin ciyawar fadama.

Na zari mayafi na fita ba tare da na nemi izini ba. Masu jigo sun bar guga sun taru. Wani ya ce, "Yau kuma idon ne, maharbi?" Maigida ya wuce su. Ya bi jini har inda taɓo ya shanye shi, ya dawo. Ƙanensa da ke cikin taron ya ce a sake ɗuri, maigida ya ce albarushi ba ruwan kogi ba ne, wuƙa ta isa, a dai same ta da rai kada ta mutu mushe. Aka yi ta nema har rana ta take tsaka, aka yi azahar aka koma. Ciyawar ta fi mutum tsayi. Wani lokaci mukan ji nishinta, in an nufi wajen sai ta ja jiki ta canza wuri.

Wajen la'asar ya juyo ya ce wa yarinyar, "Ina ƙoƙon?"

Na ce, "Malam, don Allah, don Annabi."

Ya ce, "Ki bar ta ta kwana da hanji a waje, kuraye su gama? Wannan ne tausayin?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ni na san wanda ya jawo.

Yarinyar ta tsaya a taɓo har gwiwa ta ƙwanƙwasa. Ta kira sau uku. Ciyawa ta motsa. Barewar nan ta fito tana jan ciki da ƙafafun gaba, ƙudaje sun rufe mata gefe, ta zo har gaban yarinyar ta sa hanci a cikin ƙoƙon da babu komai a ciki. A nan maigida ya danne ta ya yanka, jinin ya fallatsa a zanen yarinyar.

Ni aka ba wankin kayan ciki. Darma ba a barin ta, sai an lalubo a sake narkawa. Na sami harsashin, kakin ya narke, gurbin wuƙata a fili. Tsohuwa ta miƙo hannu. Ba ta gani sosai, amma yatsunta sun shekara arba'in a kan darma. Ta juya shi sau ɗaya, sannan ta ce, "'Yar malam, a allonku ne aka koya miki wannan?" Ta jefa shi cikin kaskon narki. Ba ta gaya wa ɗanta ba har ta koma ga Allah. Shi kuwa ya ɗauka idonsa ne ya fara rauni, ya daɗe yana wanke shi da saiwoyi. Ni ma ban faɗa ba. Daga ranar har ya ajiye bindiga ban sake ba shi harsashin da ya kauce ba, kuma har yau da nake wannan rubutu ina neman gafara a kan guda ɗayan nan bayan kowace salla.

Washegarin yanka barewar da safe na kai zanen yarinyar bakin ruwa ina wankewa. Ta biyo ni ta tsuguna a gefe. Babu kowa a wurin, sai na yi abin da ban saba ba, na jawo ta na ɗora a cinyata. Ba ta ƙi ba, ba ta kuma jingina da ni ba. Tana kallon ruwan ta ce,

"Inna, na ga lokacin da kika kankare shi. Da kin bar shi yadda Kaka ta koya miki, da sau ɗaya kawai zan kira ta."