Sunan da ban taɓa kira ba

Jama'a, yau na so ƙasa ta tsage in shige!

Masu awon yara suka zo daga Maraɗi, suka zauna gindin tsamiya. Na kai ɗana, uwar mijina Inna na biye da ni. Madam mai awo ta hau tambaya. Yana tafiya? I. Yana ci da hannunsa? I.

"In kin kira sunansa, yana waiwayowa?"

Na ce ban sani ba. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina gare shi! Ban taɓa kira ba.

"To, kira shi yanzu."

Gaban Inna? Mata suka hau dariya. Inna ta kau da kai ta ce, "Kira abinki, ban ji ba."

Na ce, "Isuhu." Bai waiwayo ba. Na ɗaga murya. Yana ta wasansa da ƙasa! Madam ta saki kwano bayansa, kowa ya zabura ban da shi.

Dariya ta ɗauke. Madam ta ce a kai shi Maraɗi a duba kunnuwansa.

Shekara biyu yana bayana, ban sani ba!

Na goya shi, ina ta kiran sunan nan har gida.