Shamsuddeen da Hoton Kawu Albarka

Ku gyara zama in ba ku labarin Shamsuddeen Bawa mai hoto, wanda gaisuwa ta hana shi sakat a sana'arsa.

A Gwandu aka haife shi, ɗan tela ne, amma tun yana ƙarami zare da allura ba su shiga ransa ba. Da ya tasa sai ya koma Kalgo wajen wani mai shagon hoto, ya koyi aiki, daga baya ya buɗe nasa. Shekara goma sha biyu yana ɗaukar fasfo na ɗalibai da maniyyata da masu neman aiki. Ga farin ƙyalle a bango, ga kujera, a zauna, a ƙame, ƙyas, a tashi. Ya yi aure da wannan sana'a, ya gina ɗaki biyu.

To, ana nan sai ya fara ganin hotunan matafiya a wayarsa. Mutum yana huɗa, mace tana tallen nono, kowa na harkarsa kamar bai san da mai hoto ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya shiga wani zauren koyon hoto a waya, inda wata Malama Mubaraka ke duba aikin ɗalibai. Darasinta bai da yawa: a fita da hantsi kafin rana ta yi zafi, a ɗauki mutum yana cikin aikinsa.

Ranar Asabar ta farko ya ɗaure jaka a bayan babur ya nufi Masama. Ya tarar da wani dattijo yana ɗaurin damin gero, haske ya sauka a kafaɗarsa gwanin kyau. Amma ɗan Gwandu ne fa, yaya za a yi ya ɗaga kyamara a kan dattijo bai gaishe shi ba? Ya kashe babur, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. An tashi lafiya, ya gida, ya iyali, ya ƙarshen damina, ɗan wa kake a Gwandu? Ashe dattijon ya san ubansa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Da ya ambaci hoto, dattijo ya ce a dakata, ya tafi gida. Bayan rabin awa ya dawo cikin shadda da hula, ya tsaya ƙiƙam kamar soja. Rana kuwa ta take tsaka.

Haka aka yi a Dalijan. Haka aka yi a Wurogauri, inda har aka tara jikoki aka jera su daga dogo zuwa gajere. Duk abin da ya tura, amsar Malama Mubaraka ɗaya ce: "Malam Shamsuddeen, wannan ma fasfo ne, sai dai ka fitar da shi gona."

Matarsa Sadiya kan duba kyamarar idan ya dawo, ta ce, "Maigida, yau kuma sallar wane gari ka halarta? Kowa ya ci ado."

"Ke dai ba ni ruwa in sha."

"Ina cikin zai samu wuri? Na ga alamar fura a gemunka."

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi damunsa shi ne Kawu Albarka, yayan mahaifiyarsa, masunci a fadamar Kalgo. Tun Shamsuddeen na yaro yake ganinsa a kan jirginsa na kwalekwale, da wata riga mai yagaggen hannu, yana watsa komarsa ta kamun kifi, ta buɗe a sama kamar faifai. Yanzu gwiwa ta ƙi, 'ya'ya sun matsa ya huta, har an yi cinikin jirgin, ranar Juma'a mai saye zai zo ya tafi da shi. Shamsuddeen na son hoto ɗaya tak na kawunsa yadda ya san shi, kafin ranar.

Ranar Litinin ya je ya gaishe shi, ya roƙa. Kawu ya ce, "Da wagga riga? Hoto ya fi mai shi daɗewa, ɗana. So kake jikokina su ce kakansu tsumma ya sa har ya mutu?" Ranar Talata ya koma da wani bayanin, Kawu ya aika a ɗauko masa babbar riga.

Ranar Laraba sai ya yanke shawarar da bai taɓa yankewa ba. Ya ajiye babur nesa, ya zagaya ta cikin shinkafa, ya laɓe bayan wata giginya. Kawu ya miƙe a kan jirgi, ya karkace, ya watsa koma. Ƙyas. Shamsuddeen ya duba hoton. Ga komar a buɗe, ga ɗigon ruwa a cikin haske, ga jijiyoyin hannun tsoho. Ya sulale ya koma babur, bai ko gai da Kawu ba.

Ya manta idon masunci, wanda ke gane motsin kifi a ƙarƙashin ruwa. Kafin azahar saƙo ya isa Gwandu wajen mahaifiyarsa, ita kuma ta kira shi a waya. "Shamsu, mi Yaya ya yi maka? Ya ce ka zo har bakin ruwa, ka dube shi, ka wuce shi kamar kututture."

Da la'asar yana durƙushe a zauren Kawu. Tsohon bai amsa gaisuwar da sauri ba. Can ya ce, "Na ga ɗan ƙanwata bayan giginya, na ce ko kunama ta harbe shi. Ina jira ka fito, sai na ga ƙeyarka."

"Kawu, a yi mini aikin gafara. In na gaishe ka, sai ka sa babbar riga."

"Shi ne ka zaɓi hoto ka bar gaisuwa. Nuna mini abin da ka sata."

Ya miƙa kyamarar. Kawu ya kawo ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo, har Shamsuddeen ya fara sa rai. Sai ya ce, "Komar ta buɗe da kyau, wannan kam gaskiya ne. Goge shi."

"Kawu, a duk abin da na ɗauka a rayuwata babu kamarsa."

"Ban ba ka ba. Goge shi ina kallo."

Bai tura wa Malama Mubaraka ba, bai ajiye a ko'ina ba, don yana jira ya zauna a natse ya gyara shi. Ya dubi hoton, ya dubi kawunsa, ya danna.

Ranar Alhamis da hantsi Kawu Albarka da kansa ya aika a kira shi. Ya shiga jirgin cikin farar babbar riga da hula zanna, ya tsaya a miƙe, hannuwa a gefe, komar kuma an naɗe ta tsaf a gabansa. Shamsuddeen ya ɗauka, yana cije leɓe. Washegari aka zo aka tafi da jirgin.

Hoton nan an wanke shi babba, yana rataye a zauren Kawu, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa. Shamsuddeen na zuwa gaisuwa kowace Juma'a, kuma kullum sai ya zaɓi gefen tabarmar da zai ba hoton baya.