Ƙararrawar Firmin Cayla

Shekara arba'in Firmin Cayla ya yi a bayan kantar shagon gahawa a birnin Faris, kuma ba a taɓa ganin ya rubuta abin da mutum ya ce a kawo masa ba. Ko shekara uku ka yi ba ka leƙo ba, kana zama zai ajiye maka abin da ka saba sha. Mutumin tudun Aubrac ne, can kudancin ƙasar. Har ya kai shekara goma sha bakwai yana cikin masu kora shanu zuwa makiyayar sama a ƙarshen watan Mayu, babbar saniya a gaba da ƙararrawa a wuya. Ƙararrawar nan ita ce ya rataye a bangon shago. Idan wani ya buɗe taswira a gabansa sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai ta baƙi ce."

Da ya ajiye aiki, matarsa Marinette ta ce bana a watan Yuli za su taka tudun da ƙafa. Kwana goma, ba gaggawa, tafiyar awa uku da safe, sauran yini a ci kirɓaɓɓen dankali da cuku a miƙe ƙafa. Wata ranar Talata bayan sun karya kumallo ta ɗauko takarda da biro.

"To, Malam taswira, faɗi ina rubutawa."

"Daga garin Saint-Chély mu hau. Mu wuce gicciyen dutse, mu bi katanga ta hagu har rafi. Idan muka ƙetare rafi sai mu kwana a..."

Ƙauyen mahaifiyarsa ne. Yana ganin rufin gidajen, yana ganin kwamin da shanu ke shan ruwa, amma sunan babu shi, kamar an goge allo.

"A ina? A cikin rafin za mu kwana?"

"Maƙogwarona ya bushe," in ji shi. Ya tashi ya je famfo, ya tsaya ruwa na zuba a kan hannunsa.

Haka mantuwa ta fara wa mahaifinsa, da sunaye. Daga baya tsohon ya fita wata safiya, hazo ya sauko, aka yi kwana biyu ana nema. A gindin katanga aka tsinci gawarsa, taku ɗari uku daga ƙofar gidansa. Firmin ne ya ƙirga takun da kansa ranar jana'iza.

Tun daga Talatar nan ya shiga gwada kansa. Yana aske gemu yana jero sunayen shanun ƙuruciyarsa, goma sha tara ne, kullum sai ya tsaya a sha huɗu. Ran Juma'a ya je sayen burodi, ya fito ya tsaya a bakin titin da ya shekara talatin yana bi, bai san dama zai yi ko hagu ba. Bai fi minti ɗaya ba, amma da ya iso gida rigarsa ta jiƙe da gumi. Washegari ya shiga kantin littattafai a wata unguwar da ba a san shi ba, ya sayi taswirar Aubrac, ya cusa a aljihun cikin kwat.

Sai ya fara kawo dalilai.

"Gwiwar nan tawa ba za ta kai ba."

"Jiya ka hau bene hawa huɗu kana fito."

"An ce bana karnukan makiyaya sun yi yawa."

"Kai da ka yi barci da su a bukka ɗaya? Tsoho, ko dai akwai wata tsohuwar budurwa can da kake gudun ta ga sanƙonka?"

Ya yi dariya, ya ci gaba da juya cokali a kofi.

Ran Litinin ta ɗauki kwat ɗin za ta kai wanki. Da ya dawo daga yawon safe ya tarar da taswirar a kan tebur, a naɗe, ita kuma tana zaune ta harɗe hannu. Ya ja kujera ya zauna.

"Mari, sunan garin Inna ya ɓace mini."

"Na sani."

"Ba shi kaɗai ba."

"Na sani. Tun Fabrairu kake zuba mini sukari a gahawa. Shekara arba'in da huɗu ban taɓa sha da sukari ba."

"Kuma kika yi shiru?"

"Na shanye. Me kake so in ce?" Ta gyara zama. "Na karɓo mana ranar ganin likita, sha biyu ga Yuni."

"To a fasa tafiyar. Kin san tudun nan. Rana tsaka hazo zai rufe, ba ki ganin hannunki. Idan na ce miki dama alhali hagu ce fa? Idan kika waiwaya ba ki gan ni ba?"

"Me ka koya mini shekarar da ka fara kai ni can? Idan hazo ya sauko, me mutum zai yi?"

"Ya tsaya inda yake. Kada ya ƙara taku ɗaya. Ya kasa kunne har ya ji ƙararrawa."

Ta shiga ɗaki, ya ji tana jan akwati. Ta fito da ƙararrawar shagon, ta ɗaura a madaurin jakarta ta goyo, ta saɓa, ta zagaya teburin. Ƙarar ta cika kicin.

"Wato kin zama babbar saniya ke nan."

"Tun ranar aure nake ita, yau ka lura." Ta sauke jakar ta ɗauki biro. "Bana za mu je, Firmin, tun kana gane rufin gidajen. Bayan rafi?"

Ya daɗe yana kallon taswirar kafin ya warware ta. Bai iya karanta irinta ba, sai da ta juya masa ita daidai. Yatsansa ya bi shuɗin layin rafin har ya tsaya.

"Malrieu," ya ce. Ya sake faɗa sau biyu a hankali. "Rubuta da manyan baƙaƙe."

Ta rubuta.

"Mari, idan ranar ta zo na ji ƙarar ban san ko ta mece ce ba fa?"

Ba ta ɗago kai ba. Ta ja layi a ƙarƙashin sunan, ta ce, "Bayan Malrieu sai ina?"