Zomayen Inna Rabi da Ganyen Albasa

Ban taɓa mantawa da ranar da Inna Rabi ta tare ni a bakin gari ta riƙe kan babur ɗina gam ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin kiwo, shekarata ta biyu a aiki, an tura ni wani ƙauye kusa da Galma in koya wa mata kiwon zomo. Inna Rabi ce shugabar ƙungiyarsu. Akuyarta guda tilo ta sayar ta sayi zomaye, don kawai ta yarda da maganata.

Tsarin ba shi da wuya. Zomo mai tasowa ba ya buƙatar abincin kanti: dusar gero, harawar wake ko ta gyaɗa, ɗan gishiri, ruwa mai tsabta, shi ke nan. To ni ɗan Babankatami ne, inda in an ce ragowar gona, harawa ake nufi da kara. Sai na rufe taron farko da cewa, "Duk abin da gona ta bari, ku ba su." Na manta ƙasar albasa nake, kuma ana tsakiyar cira!

"Mushe," in ji Inna Rabi ranar da ta tare ni, don haka take kiran sunana, "taho ka ga ɗiyanka. Kwana ukku ke nan ba su ko motsin kirki."

Na shiga na iske zomayen sun yi lakwas a keji, cikin kunnuwansu ya yi fari. Ina duba kaskon abinci warin albasa ya buge ni. Ashe bayan mata sun ɗebi ganyen da za su shanya su yi gabu na miya, sauran shi Inna Rabi take yankawa ƙanana tana cuɗawa da dusa.

"Inna, albasa guba ce ga zomo! Jini take shanye musu."

"To wa yac ce a ba su abin da gona tab bari? Mu gonarmu alkama taka bari?"

Na bi gida-gida, na iske rabin matan haka suke yi. Muka zubar, muka wanke kasake, muka zuba harawa da ruwa. Sannan na buga wa shugabana waya a Madawa.

Ya ce, "Ka faɗa musu abin da za su ba zomo. Ka faɗa musu abin da ba za su ba shi ba?"



Ƙaramin zomo ɗaya ya mutu, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai. Sauran suka murmure cikin mako biyu, har na Inna Rabi suka hayayyafa. Ta yafe mini, amma sunan da ta laƙa mini bai fita ba. Har yau in na shiga garin nan sai in ji, "Mushe Gabu ya iso!"

Ku ƙannena, in an tura ku gari, ku zaga ku ga abin da aka shanya a tsakar gida kafin ku buɗe baki a taro. Ni tsorona a da shi ne kada mutane su ƙi maganata. Yanzu na san in sun yarda da kai, duk abin da ka faɗa za su yi shi har ƙarshe, da akuyarsu guda tilo.